Lawal Mai Angarib da Gadajen Markaz

In ka shiga kasuwar Gadarif ta layin masassaƙa, ka wuce masu sayar da igiya, za ka ga wani tsoho zaune a kan kututture, ƙafarsa ɗaya a miƙe don gwiwar ba ta lanƙwasuwa. Kakana ne, Lawal, uban uwata. Sana'arsa saƙa angarib, gadon nan na katako da igiya da ba gidan da ba ya da shi a nan. Ni sunana Mujtaba, raksha nake tuƙawa, keken nan mai ƙafa uku na haya, kuma ba tawa ba ce. Makaranta na yi ta har zuwa inda ni da malamai muka gaji da ganin juna. In rubutun nan ya ɗan karkace, ku duba ƙafar kakana, abin a jininmu yake.

Ubansa ya taso daga wajen Sakkwato da ƙafa, da niyyar Makka. Da ya iso Fau sai ya tsaya noma don ya tara guzuri. Guzurin bai cika ba har ya mutu, amma 'ya'ya sun cika gida. Lawal ya tashi yana bin lori zuwa manyan gonakin Doka da Ƙala'at an-Nahal, yankan riɗi in lokacinsa ya yi, yankan dawa in riɗi ya ƙare. A wata dawowa ya faɗo daga saman buhuna, gwiwa ta tashi aiki. Maɗori ya ɗora ta, ta warke a sandare, shi kuwa ya yi shekaru yana yabon maɗorin kamar wanda ya yi masa sabuwa. Tunda yanka ya gagara, sai ya koyi saƙa, ya auri Zuwaira, wadda mu jikoki muke kira Habboba, ya kafa rumfa a kasuwa.

Rumfar nan ita ce majalisar layin. Nan ake shan jabana, wato gahawa, nan ake tsige gwamnati kullum kafin azahar. Abin da Lawal ya faɗa a rumfa, shi za ka ji a bakin rabin unguwarmu da yamma, kowa yana faɗa kamar shi ya ƙirƙira.

Da aka zo rubuta masu sana'a a tsarin ta'amin, katin nan da za ka riƙa biya kaɗan kaɗan don in ciwo ya zo a duba ka a ba ka magani da sauƙi, Lawal ne ya fara tashi tsaye, da ƙafarsa ɗaya da rabi.

Ya ce, "In biya kuɗin ciwon da bai zo ba? Ai kiransa nake yi. Ciwo yana jin sunansa. Ku bar shi ya yi barci."

Layin ya ɗauka. Mutanen ta'amin suka sha jabana suka tafi da takardunsu farare.

Sai ciwon sukari ya kama Habboba, ƙaya ta soke ta a yatsa, miki ya ƙi rufewa. An shafa zuma, an shafa garin gabaruwa, ƙafa tana ta kumbura tana baƙi. Ashe uwata ta riga ta yi wa tsofaffin kati a ɓoye. Da shi aka kwantar da Habboba a babban asibiti, aka cire yatsa ɗaya, ƙafa ta tsira. Sati na zagayowa Lawal ya dawo rumfa da katin a aljihun gaba, yana fiddo shi ga duk wanda ya yi sallama.

Na ce, "Tsoho, ba kai ka ce ciwo yana jin sunansa ba?"

Ya ce, "Ya ji ɗin, ya zo, ya tarar an shirya masa. Tashi ka ba ni wuri, ɗan banza."

"To matata fa? Ka bari an rage mata yatsa, ni sai ka biya ni."

"Je ka ɗauke ta, ka ga ko raksha za ta ciyar da ita."

Da farko an yi masa dariya. Ana kiransa Shehun Kati. Amma mutane sun ga Habboba tana taka ƙafarta zuwa famfo, kuma ba su ga Lawal ya sayar da rumfa ba. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa zuwa a asirce suna tambayar inda ake yi. Kafin a jima, in ka tambayi kowa a unguwa zai rantse maka shi tun ranar farko yana bayan kati.

Lokacin da mulki ya canza aka ce kowace unguwa ta zaɓi lajna, mutanen da za su kula da rabon burodi da gas da ruwa, ba a ma yi dogon zance ba. A harabar masallaci wani ya ce "Lawal!" kowa ya ce "Lawal!" Shi ke nan ya zama shugaba.

Shi ba burodi ne a ransa ba. Tsakanin unguwarmu da babban asibiti akwai hor, kwarin da yake bushe da rani, da damina kuwa yana cika ya yi gudu, ga laka baƙa mai riƙe taya kamar ta san mai ita. Mai naƙuda ko mai zazzaɓi in ruwa ya sauka sai dai addu'a. Lawal ya yi ta sintiri ofishin lafiya, yana jan ƙafa, har suka gaji da shi suka ce: ku kawo ɗaki da gadaje, mu za mu turo ma'aikaciya da magani a kan kati. Ɗaki ya samu, tsohon ɗakin ajiya ne a bayan masallaci. Saura gadaje.

A nan in ana biki ko zaman makoki, ba gidan da ke da kayan da za su ishi jama'a. Maƙwabta ne ke kawowa: angarib, tabarma, tire, kofunan shayi. Kowane gida da alamarsa a jikin kaya, wani jan fenti a ƙafar gado, wani kore, wani ƙuna da ƙusa mai zafi. Ba a hana aro, abin kunya ne. In kuma mai kaya ya zo ya ce yana son abinsa, ba a tambayarsa dalili, ba a ce masa gobe. Wannan ya fi hanawar ma kunya.

Da wannan al'adar Lawal ya cika markaz, wato ƙaramin asibitin namu. Gida gida ya bi. Wasu ma biyu suka bayar, don a ce. Ya sake ja wa kowanne igiya da hannunsa. Aka turo mana Sista Batoul, 'yar siririya mai murya kamar ta sajan, ba ta jin Hausa sai "sannu" da "kwanta". Ranar buɗewa mata suka yi guɗa, aka yanka rago. Jarirai biyu da aka haifa a watan aka sa musu Lawal, har na ce masa ya yi hankali kar a fara yi masa tambayoyi.

Ba mu daɗe muna jin daɗin ba yaƙi ya tashi a Khartum.

Mu ba a harba mana komai a unguwa ba. Mutane ne suka zo. Na Khartum suka fara, sannan na Madani, a bas, a lori, a bayan tirakta, da katifu da tsofaffi da akuya. Makarantu suka cika. Kowane gida ya samu dangi, har dangin da ba mu taɓa jin sunansu ba. Motar da ke kawo wa markaz magani ta fara jinkiri, sannan ta daina zuwa. Ka miƙa wa Batoul kati, ta duba ka, ta rubuta maka sunan magani ta ce ka je ka saya. Ka je shagon magani, farashin ya sa zazzaɓin ya ƙaru.

Sai amai da gudawa suka shigo gari. Markaz ya cika har waje, kuma yawancin waɗanda ke kan gadaje baƙi ne, don su ne ke kwana a cunkushe suna shan ruwan da suka samu. Batoul ba ta tambayar gidan wa ka fito. Wanda ya fi galabaita shi ke hawa gado.

A cikin kwanakin nan aka kawo 'yar Abdelrahman, dillalin riɗi, mutum mai jiki da fara'a, wanda ya ba markaz gadaje biyu masu koren fenti. Ba gado. Aka shimfiɗa yarinyar a tabarma ƙarƙashin dalbejiya, aka rataya ledar ƙarin ruwa a reshe. Ta taga yana hango koren fentinsa, wani mutumin Madani a kai. Yarinyar ta tashi, Allah ya yi da sauran kwana. Amma Abdelrahman bai manta reshen nan ba.

Magana ta fara juyawa. A raksha nake jin ta, don fasinja ba ya ɗaukar direba mutum.

"Shekara nawa muna biya, yau kati ya zama mafici."

"Ni dama tun farko ban yarda da abin nan ba."

"Lawal ne ya ja mu. Shi matarsa ta ci moriya, mu aka bar mu da kwali."

Masu wannan maganar su ne masu guɗar ranar buɗewa, na san muryoyinsu. Ga shi kuma yanzu duk taimakon da ƙungiyoyi ke kawowa, gari da mai da sabulu, ta hannun lajna yake bi. Kujerar da a da ba mai so sai wahala ta yi daɗi. Aka fara cewa ana bukatar mai jini a jika, mai iya magana da manya, kuma kowa ya san Abdelrahman ake nufi.

Aka kira taro bayan la'asar. An yi ta kewaye kewaye, wannan ya yabi dattakon Baba Lawal, wancan ya yabi haƙurinsa, ana ta yabo kamar ana yi masa ta'aziyyar kansa. Ya gaji ya dogara sanda ya miƙe.

Ya ce, "Ni ban iya zagaye ba. Magani ya yanke, gaskiya ne, ba ni na yanke shi ba. Amma ga ɗaki, ga Sista, ga inda mutum zai kwanta a sa masa ruwa ba sai ya haye hor ba. Wanda yake son in sauka ya ɗaga hannu in gani."

Ba wanda ya ɗaga. Wa zai ɗaga wa sa'an ubansa hannu a harabar masallaci? Kowa ya sunkuyar da kai yana nazarin yatsun ƙafarsa. Lawal ya dawo gida yana murmushi, ya ce wa Habboba, "Kin gani? Surutu ne kawai."

Washegari da hantsi matar Elfatih, maƙwabcinmu na jikin katanga, ta yi sallama. Ta durƙusa ta gaishe shi har ƙasa.

"Baba Lawal, baƙi sun yi mana yawa. Maigidan ya ce ko za a ba mu angarib ɗinmu."

Kuma ba ƙarya ta yi ba, surukanta na kwana a ƙasa. Lawal ya ce, "Ai naku ne, 'yata. A je a ɗauka."

Bayanta wani ya zo. Kashegari biyu suka zo. Kowa da gaisuwarsa mai kyau, kowa da baƙinsa. Da marar lafiya ya sauka daga gado, ko ya warke ko an kai shi makwanci, kafin Batoul ta wanke igiyar mai shi yana tsaye a ƙofa. Kuma raksha ta ake kira ta ɗauka. Ran da Lawal ya gan ni ina ɗora mai jan fenti a sama ya tsaya yana kallona.

"Har da kai?"

"Tsoho, in ban ɗauka ba mai amalanke zai ɗauka, kuma shi ba ya saya maka taba."

Bai yi dariya ba. Ya matso ya ja igiyar da na ɗaure da ita, ya ce, "Ƙara ɗaurewa. Kayan aro ne, kar ka karya musu ƙafa."

Batoul ce ta faɗa masa inda abin zai kai. Da Larabci ta yi maganar, tana wanke hannu. Ta ce, "Ya ammi, ofis sun ce wurin da ba gado ba a kwantar da kowa, wurin da ba a kwantar da kowa ba ya bukatar ma'aikaciya. A babban asibiti hannu ya yi musu kaɗan. In ɗakin nan ya zama fanko za su ɗauke ni, kuma ba za su mayar ba."

Ya ce zai saƙa sababbi. Amma katako ya yi tsada, igiya ta yi tsada, masassaƙan layinsu da ya nema su taimaka suka ba shi jabana da addu'a. Da ya ga haka sai ya ce in kai shi shagon Abdelrahman. Gadajensa biyu na nan a markaz bai taɓa su ba tukuna, kuma mutane shi suke kallo.

Abdelrahman ya tashi da sauri ya ba shi kujerarsa, ya aika a kawo shayi da madara.

"Baba, da ka aiko ai da na zo."

"Ƙafata ɗaya ce ta mutu, ɗayar tana aiki. Abdelrahman, kujerar kake so? Ɗauka. Yau ma in kana so. Ka ce wa mutane su bar gadajen."

"Subhanallah, Baba, ni na aike su? Kowa da baƙinsa."

"Ni na saƙa gadon da aka haife ka a kai. Kar ka yi min maganar kasuwa."

Fara'ar ta sauka daga fuskar Abdelrahman. Ya ce, "To Baba, bari in faɗa. Ka ce mu biya, muka biya. Ka ce mu kawo gado, muka kawo. Ran da 'yata take neman mutuwa a hannuna, a ƙasa aka ajiye ta kamar buhu. Ban ce a kori baƙo ba, wallahi, gidana ma cike yake da su. Amma ɗakin da ba magani a ciki, me muke gadi? Mutane na zuwa su kwanta su ɓata lokaci, da tun farko sun haye hor da sun samu likita. Ka bar shi ya rufe. In ƙasa ta zauna a sake sabon lale."

"In ruwa ya sauka fa?"

"Allah na nan, Baba."

"Yana nan. Shi ya ba mu ɗakin."

Shayin ya huce ba wanda ya taɓa, sai ni da na shanye nawa na shanye na Tsoho. Da yamma yaran Abdelrahman suka zo da amalanke suka ɗauki masu koren fenti. Sun ma ji kunyar kirana.

Ƙarshe gado ɗaya ya rage, na Lawal kansa, mai alamar ƙuna uku a ƙafa. Tun da aka fara kwashewa ya kawo shi daga ɗakinsu, shi da Habboba suka koma tabarma. A kansa akwai wata tsohuwa, Hajja Zubaida, 'yar Madani. Ta rabu da mutanenta a hanya, ba wanda ya san inda suke, ƙirjinta na kuka kamar tsohuwar ƙofa. Sai saƙo ya zo Batoul ta koma babban asibiti, ta taho da duk mai jinyar da ya rage.

Ranar kuwa an kwana ana ruwa. Hor ya kawo, lakar ko jaki ba ya shiga, balle raksha. Batoul ta ce tsohuwar ba za ta iya jira ba. Muka samu samari biyu 'yan Madani daga cikin baƙin da ke kwana a makaranta, da ni, da wani ladan mai taimako, muka ce mu ɗauke ta a kan gadon. Ana yayyafi, sai Batoul ta ciro farin mayafi ta lulluɓe ta tun daga ƙafa har fuska don kar ruwa ya dake ta. Muka saɓa a kafaɗa. Batoul ta yi gaba da jakarta don ta nemo mata wuri, Lawal na biye a baya yana jan ƙafa.

Ba wanda ya yi tunani a cikinmu. A nan ba mu da makara daban. A kan angarib ake ɗaukar gawa, a lulluɓe, a kafaɗar maza, kuma duk namijin da ya gani dole ya bar abin da yake yi ya bi, ya karɓi kafaɗa ko taku kaɗan ne.

Mai shagon da ke kan kwanar layinmu ne ya fara fitowa yana salati. Ya dubi ƙafar gadon ya ga ƙuna uku, ya waiga ya ga Lawal a baya shi kaɗai cikin ruwa, kai a sunkuye. Ya dafa kai ya ce, "Inna lillahi! Hajja Zuwaira!"

Kafin in buɗe baki an ture ni daga ƙarƙashin gadon, wani ya karɓa. Ƙofofi suka riƙa buɗewa. Maza na fitowa suna gyara hula, wasu ba takalmi, kowa na kalmar shahada da ƙarfi. Ina cewa, "Ya jama'a, da ranta! Da ranta fa!" Wani dattijo ya rungume ni ya ce, "Yi haƙuri ɗana, haka zafin yake." Samarin Madani ba sa jin abin da ake faɗa, suna ganin an zo taimako ne. Ladan ya yi ta ɗaga murya, aka ɗauka addu'a yake ja, ana amsa masa da amin. Lawal kuwa an bar shi can baya, numfashi ya ƙare masa, yana ɗaga sanda yana kira, mutane na ganin kuka yake.

Elfatih ya zo. Waɗanda suka kwashe gadajensu duk suka zo. Sai ga Abdelrahman da gudu, jallabiyarsa fara duk laka. Ya kama hannun Lawal da hannu biyu, hawaye na zuba masa, a gaban kowa.

"Baba, ka yafe mana. A ƙasa ta ƙare kwanakinta saboda mu. Ka yafe min, Baba."

Lawal na haki yana cewa, "Tsaya... ba ita..." Abdelrahman bai tsaya ba, ya kutsa ya sa kafaɗarsa a gaba.

A bakin hor hanya ta rabu biyu, ta dama maƙabarta, ta hagu mashigin asibiti. Na gaba suka karya dama. Nan Hajja Zubaida, da girgiza ta ishe ta, ta ɗaga mayafin da hannu ɗaya ta leƙo, ta ce da Larabci, "Ya 'ya'yana, ina za ku kai ni?"

Na ga manya sun yi abin da ban taɓa gani ba. Mai shago ya zauna daɓas cikin laka. Wani ya bar takalmi ya yi cikin dawa. Gadon ya karkata saura kaɗan ta zube, na yi tsalle na tare. Wallahi dariya ta taso min har wuya, sai na ga fuskar Abdelrahman, ta koma ciki.

Bai saki gadon ba, wannan zan faɗa masa ita ko a gaban wa. Shi da ni da samarin nan muka shiga hor, ruwa har ƙugu yana jan mu, muka haye da ita. Da shi muka kai ta har ƙofar asibiti. Sauran suka tsaya a gaɓa suna kallo. Da muka dawo muka tarar da Lawal zaune a kan dutse, jiƙe sharkaf. Abdelrahman ya tsaya a kansa.

"Ka sa na yi kuka a gaban mutane a kan ƙarya."

"Ban yi ƙarya ba. Ba wanda ya tambaye ni."

"Da girmanka, Baba. Da mutuwa ake wasa?"

A gida kuma mata sun riga sun cika tsakar gida da kururuwa, Habboba ta fito daga banɗaki da buta ta same su suna yi mata kuka. Har yau akwai waɗanda ba sa son haɗa ido da ita.

Kafin magariba labari ya gama unguwa, kuma ba yadda ya faru ba. Cewa ake Lawal ne ya shirya, ya lulluɓe mai rai don ya kunyata mutane, ya jawo wa unguwa mugun fata. Na rantse, ladan ya rantse. Aka ce ni jikansa ne kuma kowa ya san bakina, ladan kuwa a ɗakin bayan masallaci yake fakewa, dole ya goyi bayan Lawal. Mutanen da suka yi kuka a titi suna bukatar wanda za su ɗora wa kukan.

Ran Juma'a bayan an sallame aka sake taro. Wannan karon ba yabo. Wani ya ce wanda ke son canji ya ɗaga hannu, hannaye suka tashi, a gaban idonsa. Lawal ya ciro makullin markaz daga aljihu ya miƙa wa Abdelrahman, ya ce Allah ya taya riƙo. Abdelrahman ya karɓa da hannu biyu, bai ɗago ba.

A hanya Tsoho ya ce, "Idona ba ya gani nesa. Elfatih ya ɗaga?"

"Ya ɗaga, amma rabi. Yana yi kamar kunne yake sosawa."

Ya ɗan yi wani sauti ta hanci, ban san ko dariya ba ce.

Ya koma rumfa. Ana zuwa shan jabana, amma ba kamar da ba, kuma in an tayar da zancen kati sai ya sa igiya a baki ya ci gaba da ja. Hajja Zubaida na can asibiti da ranta, gadon ma na can, an ce wani ne a kai yanzu.

Shekaranjiya da sassafe aka buga mana ƙofa. Wata yarinya ce daga ƙarshen unguwa, da goyo, jikin yaron kamar garwashi, wuyansa ya saki. Ba ta ji an yi canji ba, ko ta ji ta manta.

"Baba Lawal, a taimaka a buɗe markaz."

Ya daɗe yana kallon yaron. Ya ce, "Makulli na wurin Abdelrahman, 'yata. Ko an buɗe ba kowa a ciki."

Ta tsaya, ba ta san inda za ta juya ba. Gabas ta yi baƙi, iska ta fara kaɗa kwanon rufi. Tsoho ya laluba sandarsa ya ƙwala min kira.

"Mujtaba! Tashi ka tayar da abin nan naka."

Na ce, "Hor fa, Tsoho?"

Ya ce, "Mu je mu gani ko ruwansa ya janye."